Ƙofar Zama da Ƙofar Tashi

Ku samarin yanzu kuna cewa sa ƙofa ba sana'a ba ce. A sayo ta a kasuwa, a tsayar, a kwaɓa siminti a zuba, a wanke hannu a tafi shan shayi. Na ji ɗayanku ya faɗa a bakin rumfata, bai ko rage murya ba. To, ku saurara. Ban yi makaranta ba, kuma ba na son doguwar magana. Zan faɗa muku yadda aka koya mini aikin nan, da yadda aka raba wata mata da ƙofar da na kafa mata da hannuna. Ba ɓarawo ya ɗauke ta ba, ba ambaliya ba. Da rana tsaka aka yi, askari, wato ɗan sandan hukuma, na tsaye.

Aikin farko da na riƙe wa Usta Bawa igiya a kansa rufin ɗakin wani ɗan ƙwadago ne a hillarmu. Hillar ƙauyen Hausawa ce zalla, a wani siririn fili tsakanin layin dogo da tur'a, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Nan aka zaunar da iyayenmu don su yi noma da tsintar auduga a gonakin wasu. Ba wanda ya ba su takarda. An nuna musu wurin da sanda, aka ce su zauna. Usta Bawa, usta wato gwanin sana'a, shi ne mai rufi da ƙofa na hillar da ƙauyukan 'yan ƙwadago da ke kewaye, gajeren tsoho mai faɗa, kuma a hannunsa ubana ya sa ni.

Ranar ya nuna mini bangon ɗakin ya ce, "Nawa ne wanga?"

Na ce ban sani ba.

"Banza ne. Laka ce, ga ta nan ƙarƙashin ƙafarka." Ya bugi itacen da ke kwance da tafin hannu. "Wanga shi ne ɗaki."

Gaskiya ya faɗa. Jazira, ƙasar audugar nan da muke zaune, ba ta da itace. Mirig, babban itacen da ke ɗauke da rufi gaba ɗaya, daga dazuzzukan bakin kogi can gaba da garin Makwar ake saro shi. Gabaruwa ce mai nauyi kamar ƙarfe. A kawo ta kasuwar garin Hajj Abdalla, daga nan kowa ya san yadda zai kai tasa gida. Mutum kan daɗe yana sunkuye a gonar auduga kafin ya mallaki mirig ɗaya. Ana gadonsa. Na ga 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa a kansa.

Kayan aikin Usta Bawa ba su cika buhu ba. Gizago, zarto, igiyar awo, wani dutse mai huda ɗaure da zare wanda yake sakewa don ya ga ko itace ya tsaya daidai, sai guduma ɗaya. Na yi shekaru ina wasa gizago ina ɗaukar buhu kafin ya bar ni in taɓa gudumar. In ya ga hannuna ya nufe ta sai ya ce, "Mi kaka nema nan? Itacen da ka sassaƙa daidai zai shiga da kansa. In sai ka doke shi, koma ka sake sassaƙa."

Ya koya mini in shafa wa kan mirig baƙin mai saboda gara. Ya koya mini in ƙi mutumin da ke son faɗin ɗaki ya wuce ƙarfin itacensa, ko da zai zage ni. Ya koya mini cewa faɗin ƙofa faɗin angarib ne, gadon nan na igiya da kowa ke kwana a kansa, don a kansa ake fitar da mutum ranar da ya mutu, kuma abin kunya ne ga mai sana'a a karkata gawa a bakin ƙofarsa. Amma babban abin da ya koya mini tambaya ce. Kafin ya ɗora gizago a kan itacen kowa sai ya dube shi ya ce, "Aikin zama ko aikin tashi?"

Aikin tashi shi ne wanda ku ba ku iya ba. Ƙyauren ana barinsa da ƙafa a ƙasa, tana juyawa cikin ramin wani guntun gabaruwa, da ƙaho a sama, yana shiga ramin itacen da ke bisa ƙofa. Ana barin sarari kamar yatsa biyu a saman. In ka ɗaga ƙyauren sama, ƙafar ta fita daga raminta, ka zare shi. Don kada ɓarawo ya yi haka daga waje, akwai ɗan itacen da ake cusawa a sararin daga ciki. Mirig kuma ba a binne kansa a laka. Ana naɗe shi da ciyawa, a ɗora a kan matashin katako, don kada bango ya riƙe shi. Ƙananan itatuwan rufi da igiyar kaba ake ɗaure su, ba ƙusa ko ɗaya. Ɗaki ne da ba ya yoyo, iska ba ta motsa shi, amma mutum da matarsa za su sauke shi da safe su ɗora a kan jaki kafin rana ta yi zafi.

Aikin zama kuwa ba wuya. A binne katakon bakin ƙofa cikin bango da dogayen ƙusoshi masu lanƙwasa, a cika da siminti, a buga kwano a sama. Kowa zai iya. Shi kuke yi.

A zamanin Usta Bawa kusan kowa tashi yake cewa. Na taɓa tambayarsa dalili, muna hutawa a inuwar wani bango. Ya ce ubansa yana saurayi ya baro ƙasar Sakkwato, lokacin da Nasara suka ci ta.

"Ka san yadda aka ci ƙasa?" ya ce. "Ba ɗauka suka yi su kai garinsu ba. Tana nan inda take. Rijiyarka na nan, kukarka na nan. Sai ka wayi gari a ce an haɗa ta da tasu. Ubana ya gina soro, ya kafa komai da kyau. Da ya tashi gabas, buta ya ɗauka."

Ba a jima ba na ga amfanin aikin da idona. Wani mufattishi, jami'in da ke duba gonakin, ya so filin da wasu 'yan ƙwadago ke zaune a kai, aka ce su tashi. Muka je da Usta Bawa. Kafin azahar babu rufi ko ɗaya a wurin, babu ƙyaure ko ɗaya. Bangon laka suka bar wa damina.

Yanzu ga Yaya Hawwa. Ba 'yar'uwata ba ce ta jini, amma ta goya ni ina ƙarami, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa ce mini Usta ba sai in za ta yi mini ba'a. Mijinta ya mutu da ciwon ruwan tur'a ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Lokacin tsinta tana gonar auduga, sauran shekara tana tashar jirgin ƙasa da ƙwaryar godogodo, wani abin sha irin fura, a gabanta. Ƙyauren ɗakinta na gwangwanayen kananzir ne da aka buɗe aka buga a kan kara. In iska ta taso duk hillar na jin sa.

Kusa da mu akwai gari. Ba zan kira sunansa ba, jikokinku na karatu a can. Sa'ad da nake yaro sai ka yi tafiya mai kyau kafin ka isa. Ya yi ta girma, ya yi ta matsowa, har muka fara jin kiran sallarsu. Wata safiya mota ta tsaya a gaban masallacinmu. Wani afandi, wato ma'aikaci, daga majalisar garin ya fito, saurayi ne mai farar riga da man gashi, ya karanta mana sanarwa da Larabci. An yi mana damm. Wato an ja iyakar gari ta zagaye hillarmu, mun zama unguwa a cikin gari. Za a kawo famfo. Za a gina makaranta da ɗakin shan magani. Mu kuma za mu riƙa biyan awayid, harajin gida, kamar kowane ɗan gari.

Mata suka yi guɗa. Aka yanka rago. Bayan 'yan kwanaki aka zo da jan fenti aka rubuta wa kowace ƙofa lamba. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallon lambarsu kamar an haifa musu ɗa.

Lokacin Usta Bawa ya tsufa, ido ya tafi, ni ke riƙe da buhun. Na je na ba shi labari yana kwance a kan angarib ɗinsa. Ya ce, "Je ka tambayi afandin. Mu aka haɗa, ko filin?"

Na je na tambaya, ranar da ya dawo karɓar awayid. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata.

"Kullu wahid, ya usta. Duk ɗaya ne."

Shekarar nan ban huta ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce zama. Wasu ma haushin tambayar suke ji. Wani ya ce mini, "Kai Garba, kana yi mana fatan tsiya ne? Ga lamba a ƙofata." Masu mirig ɗin gado suka sayar suka sayi kwano. Ni kuma aikina in tambaya, in yi abin da mai ɗaki ya ce.

Aikin Yaya Hawwa shi ne mafi kyau da na yi a shekarar. Duk abin da ta tara tun mutuwar mijinta ta fito da shi. Ta sayi jan bulo daga masu gasawa a bakin kogi, ta sa aka gina ɗaki ɗaya. Sannan ta hau lori da kanta ta tafi garin Hasahisa, ta dawo da ƙofar ƙarfe. Koriya ce, da wani furen ƙarfe a sama, da kuba a jikinta mai makulli dogo kamar yatsa. Ba a taɓa ganin irinta a hillarmu ba. Na duba wurin da ƙyauren ke juyawa, na ga an narkar da kan ƙarfen an toshe.

Na ce, "Yaya, wa ya yi wannan?"

"Ni na sa maƙerin. Ina da 'yan mata a ɗaki. Ba na son ƙofar da wani zai ɗaga."

"To ai ke ma ba za ki ɗaga ba."

"In ɗaga in kai ina?"

Na ajiye buhuna na yi mata tambayar kamar yadda nake yi wa kowa. "Ƙofar zama ko ƙofar tashi? In kika ce tashi, zan zaunar da ita cikin katako, in yi mata makama daga ciki. Za ta riƙe."

Ta riƙe ƙugu. "Ji shi. Usta. Yaron da na wanke wa gindi. Na biya awayid, an rubuta mini lamba, ka zo kana tambayata kamar wata baƙuwa? Zama, Garba. Ka kafa ta yadda ko giwa ta jingina ba za ta motsa ba."

Na kafa. Na sake dutse da zare ta kowane gefe har sai da ta tsaya cak. Na binne kunnuwan ƙarfen cikin bulo, na cika da siminti mai ƙarfi, na riƙa zuwa ina yayyafa masa ruwa har ya kama. Da na gama, yatsa ɗaya ke tura ta, ta rufe ba ƙara. Yaya Hawwa ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, har 'yarta ta ce, "Inna, za ki cinye ta." Ta ɗaure makullin a bakin mayafinta.

A cikin shekarun nan ne rediyon mai shayi ya cika da labarin wata daula da ta ci yaƙi, ta riƙe ƙasar maƙwabtanta, ta ce ta haɗa da tata. Kalmar da suke faɗa a rediyon ita ce dai damm. Garin ya tashi. Aka yi jerin gwano, aka yi jawabai, aka zagaya neman taimako. Afandinmu ne ya zo hillarmu da kansa, idanunsa jajur, yana cewa zalunci ne a zo a tarar da mutane a gidajensu a ce ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta zama ta wani. Mun yarda da shi, gaskiya ya faɗa. Yaya Hawwa ta kwance bakin mayafi ta ba da cinikin ranar. Ina tsaye a wurin. Ku riƙe wannan.

Famfo bai zo ba. Makaranta ba ta zo ba. Awayid bai taɓa makara ba. Abin da ya zo daga baya masu awo ne, da sarƙa da fararen duwatsu. Suka ja layuka ta cikin tsakar gidajen mutane, ta kan murhu, ta kan turken akuya. Aka ce za a tsara unguwar, a yanka filaye, a raba. Muka ce madalla. Sai aka ce filin na hukuma ne tun asali, tunda ba mai takarda, kuma wanda za a ba sai mai jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. A hillarmu masu ita ba su kai a ƙirga ba. A hillar aka haifi Yaya Hawwa. Uwarta a Makwar aka haife ta, kakanta ya ɗauki dutse a ginin madatsar ruwan da ke can. Aka ce bai isa ba, ta kawo shaidu. Shaidun duk suna maƙabarta.

Aka nuna mana wani fili can bayan tur'a, da sanda, kamar yadda aka nuna wa iyayenmu. A lokacin na samu amsar tambayar Usta Bawa. Shi ya riga ya mutu.

Ranar tashi da hantsi motar ta zo, da afandi da askarawa. Na riga na fara sauke rufin tsofaffin ɗakunan da Usta Bawa ya yi. Igiya kawai ake kwancewa. Sai ga 'yar Yaya Hawwa ta zo ta ce uwarta na kira. Na ɗauki guduma da ƙarfen fasa bango na tafi. Na san inda na binne kowane kunne. Na ɗaga gudumar ke nan wani askari ya riƙe ta ta baya.

"Mamnu'u," ya ce. An hana.

Afandin ya ƙaraso. Bai yi tsawa ba, da ladabi ma ya yi magana, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce filin nan an riga an ware shi, da ginin da ke kansa. Ya ce abin da hannu ya ɗaga namu ne, mu tafi da shi. Abin da sai da guduma, na fili ne.

Yaya Hawwa ta ce, "Ya afandi, filin ne ya hau lori ya tafi Hasahisa?"

"Ya hajja, doka ce. Ba ni na yi ta ba."

"Filin ne ya sayar da godogodo?"

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya hajja. Abin da aka kafa a fili ya zama fili. Da ba a kafa ta ba, da taki ce."

Na ce masa, "Wato da na yi mata aikin banza, ƙofa na lilo, da ta tafi da abarta. Don na yi da kyau shi ya sa ta zama taku."

Ya ce ba haka ya ce ba. Na ce to yaya ya ce. Ya duba agogonsa.

Maza suka taru. Aka ce tunda hannu aka ce, a gwada hannu. Ƙarfafan hillarmu suka kama ƙofar, masu ɗaukar buhun auduga a ka. Suka ɗaga, suka ja, suka girgiza, jijiyoyin wuya suka fito. Ko ƙura ba ta zubo daga simintin ba. Ni na kafa ta, na san ba za ta motsa ba. Askarin da ya riƙe mini guduma har ya ce, "Wallahi aiki mai kyau, ya usta." Na dube shi.

Yaya Hawwa ta ce a bari. Ta shiga ta fito da angarib, da tukwane, da ƙwaryar godogodo, da tabarmar salla. Ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin tas. Ta fito ta ja ƙofar, ta rufe ba ƙara, ta murɗa makulli sau biyu ta zare. Ta ɗaga shi a gaban fuskar afandin da yatsa biyu.

"Wannan fa? Hannu ya ɗaga, ko sai da guduma?"

Ta ɗaure makullin a bakin mayafi, ta ɗora ƙwarya a ka, ta bi bayan jakin.

Kada ku ɗauka ta ci nasara. Ba ta ci komai ba. Ta tafi da guntun ƙarfe, su sun riƙe ɗaki da ƙofa. Masu kwano haka suka bar kwanonsu. Masu aikin tashi kaɗai suka kwana a ƙarƙashin rufinsu a sabon wuri.

Daga baya na tambayi wani mai rubuta wa mutane ƙara a bakin kotu, ko da gaske akwai wannan doka. Ya ce akwai, tun zamanin Turawa. Ya ce alƙali kan duba abu biyu: yadda abin ya kama jikin gini, da niyyar wanda ya kafa. In ka kafa don ya dawwama, ka ba mai fili kyauta. Na ce ashe tambayarmu suke yi. Mu muna yi kafin aiki don mu tsare mai ɗaki. Su suna yi bayan aiki don su san abin da za su riƙe.

Majalisar ta so ta mai da ɗakin wurin zaman mai karɓar harajin kasuwa. Ƙofa a kulle. Aka aiko a karɓi makulli, Yaya Hawwa ta ce a tambayi filin. Sai aka aiko mini, tunda ni na kafa, in zo in buɗe, za a biya ni. Shekarar ba ni da ko na dawa. Na ce wa ɗan aiken, "Ƙofar nan sai da guduma, ni kuma an hana ni guduma a wurin." Suka ɗauko wani daga gari. Ya fasa kubar, ya lanƙwasa ƙyauren, ya tsaga bulon gefe. Tun daga ranar ba ta sake rufuwa daidai ba. Tana nan har yau, an shafe koren da wani fenti, ana ɗaure ta da waya. In na shiga gari ba na bin layin. Sun ƙwace, kuma ko riƙewa ba su iya ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Damina ta riske mu rabin ɗakuna ba rufi. Baƙar lakar Jazira kun san ta, in ta jiƙe ko jaki ba ya tafiya. Mirig ya yi tsada don kowa na nema lokaci ɗaya, waɗanda suka sayar da na gado suka koma suna roƙon reshe. Na yi rufi da karan dawa da itacen da a da ko a murhu ba zan sa ba. Na yi aiki don kwanon tuwo, na yi don Allah ya saka. Tsofaffi da jarirai da yawa ba su ga kaka ba. Ba wanda ya zo da mota ya karanta mana komai.

Yaya Hawwa ta yi shekaru da zana a bakin ɗakin laka. Ta koma tashar jirgi, tafiyar ta ninka. Ta aurar da 'yan matan. Wata rana ta aiko, na je na tarar da katakon gabaruwa a jingine, mai kyau, ta saya a Hajj Abdalla. Da buhun siminti rabi.

Na auna bakin ɗakin. Na ce, "Ƙofar tashi ke nan."

"Haka Usta Bawa ya koya maka? Ka amsa wa mutum?"

Na ajiye igiyar. Na ce, "Ƙofar zama ko ƙofar tashi?"

"Zama."

"Yaya, har yanzu ba ki da takarda. Wurin nan ma da sanda aka nuna."

"Na sani. Ba mantuwa gare ni ba." Ta taɓa bakin mayafinta, makullin na nan. "Uwata ta mutu a bayan ƙofar tashi. Kakata haka. Kullum ana kwana kamar a tasha. Ni na gaji. In za su zo su sake ɗauka, su zo su tarar da aiki mai kyau, su ji kunya in suna da ita. Ka kafa, Garba."

Ban yarda da ita ba, har yau ban yarda ba. Ƙofar ɗakina ta tashi ce, ku je ku zare ɗan itacen ku ɗaga ku gani. Amma ƙofarta ce. Na sassaƙa katakon, na binne shi da dogayen ƙusoshi, na cika da siminti, na sake dutse da zare har ta tsaya cak. Na yi mata faɗin angarib.

Shi ya sa nake jin haushi in na ga kuna kwaɓa siminti ba ku tambayi kowa komai ba. Ba ku san wa ke da filin ba. Ba ku san ko lambar da ke jikin bangon ta mai ɗakin ce ko ta mai karɓar haraji ba. Ku yanke wa mutum hukunci da cebur ɗaya, ku tafi shan shayi. In zai yi asara, ya yi ta da bakinsa, ido buɗe, kamar Yaya Hawwa. Garin kuma bai daina tafiya ba. Ku fita bakin tur'a da magariba, za ku ji kiran sallarsu.

Ita dai ba su same ta ba. Ta zauna a bayan ƙofar nan har ƙarshen kwananta, ba mota, ba askari. Mu muka fitar da ita, a kan angarib ɗinta, ina riƙe da ƙafa ɗaya ta gaba. Da muka zo bakin ƙofar na duba gefe da gefe. Ba mu karkata ta ba.